Mako guda cikin jirgin ruwa a Bahar Rum: abin da ya kamata ka sani kafin ka biya

Tun da ni da Hajiya muka dawo Katsina, tambayar da ake yi mini a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ba ta wuce biyu. Nawa aka kashe? Kuma Musulmi zai iya zama cikin irin wannan jirgi bai rasa sallarsa ba, bai ci haram ba? Ta biyun amsarta a taƙaice take: zai iya, in ya shirya tun daga gida. Ta farkon kuwa sai an zauna, domin kuɗin da ke rubuce a jikin tikiti ba shi ne kuɗin tafiyar ba.

Ɗanmu da ke aiki a Sifen ne ya ɗauki nauyin tafiyar. Jirgin ya taso daga Basalona a can Sifen, ya tsaya Marsey a Faransa, sai Jenowa, Cibitabekiya da Palermo a Italiya, sai Baleta a tsibirin Malta, sannan ya wuni a tsakiyar teku ya dawo Basalona. Da dare yake tafiya, gari na wayewa ka gan ka a wata ƙasa. Tsawonsa ya haura mita 300, fasinja dubbai, kamar an ɗauki unguwa guda da kasuwarta da asibitinta an ɗora a kan ruwa.

Mai fasfo ɗin Najeriya wahalarsa ta farko ita ce biza. Ƙasashen nan huɗu duk suna cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ta ishe su. Kuɗinta yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma dole ka haɗa da inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000. Ga inda ya kamata a buɗe ido: wasu jiragen kan ratsa Tunisiya ko Turkiyya a tsakiyar zagayensu. Da zarar jirgi ya taɓa can an fita daga Shengen ke nan, kuma mai bizar shiga sau ɗaya ba shi da hanyar komawa. Ana iya hana shi hawa tun a tashar farko, tikitinsa a hannu. Ka karanta sunan kowace tasha, ka nemi bizar shiga da fita sau da yawa, ka kuma sa kamfanin ya rubuta maka abin da mai fasfo irin namu ke buƙata. Ka isa garin da jirgin zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin sama daga Kano ko Abuja na iya makara, shi kuwa na ruwa ba ya jiran kowa.

Kilishi ka bar shi a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje. Yaji kuwa Hajiya ta ƙulla a roba, ya shiga lafiya, kuma ya yi mana rana ƙwarai.

A bakin jirgi za a ɗauki hotonka a ba ka kati guda. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne aljihunka. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai dai ka haɗa katin da na banki ko ka ajiye yuro a teburin karɓar baƙi a riƙa cirewa. Kada ka dogara da katin naira. Mai sauƙin miƙa hannu ya yi hattara, domin kuɗin da ba ka ƙirga da yatsa ba ba ka jin fitarsa. Ɗaki, abinci da wasannin dare suna cikin tikiti. Amma kowane dare ana rubuta wa kowane babba kuɗin hidimar ma'aikata, a jirginmu yuro 12 ne. Lemo, ruwan roba a wurin cin abincin dare, intanet, wanki, ganin likita, motar zagaya gari, kowanne da farashinsa, abin sha kuma ana ɗora masa kashi 15 cikin ɗari a kai. Kuɗin hidimar ban ji ciwonsa ba ko kaɗan, don na ga aikin da yaran nan ke yi. Wanda ke gyara mana ɗaki tun sassafe yake tsaye, da dare ma ka tarar da shi a bakin aiki, ga fara'a. Abin da ya dame ni shi ne yawan talla. Masu hoto su tare ka a ƙofa, masu sayar da tsarin abin sha, wato ka biya kuɗi a dunƙule ka riƙa sha tsawon tafiyar, su biyo ka har teburi. Tsarin nan mafi yawan tsadarsa ta giya ce, wanda ba ya sha babu ruwansa da shi. Ruwan sha, shayi da kofi kyauta ne a babban ɗakin da kowa ke ɗibar abinci da kansa.

Waya kuma a kashe mata layi da zarar jirgi ya bar gaɓa. A tsakiyar teku tana kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda ke cinye kuɗi cikin mintoci.

Kafin a tashi akwai atisayen ceto, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Za a nuna maka yadda ake ɗaura rigar ceto da wurin da za ka taru in an busa jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Na ga wasu suna tsaki suna duba agogo, raina ya ɓaci. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bar Cibitabekiya, tashar da mu ma muka tsaya, ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo, mutum 32 suka rasu. Waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan wannan ne aka tsaurara doka. Ka je, ka saurara, ka haddace hanyar daga ɗakinka zuwa wurin.

Ɗakinmu ƙarami ne mai tsafta, da taga amma babu baranda, a tsakiyar jirgi kuma ƙasa-ƙasa. Ɗanmu ya zaɓe shi da gangan, domin nan ne jijjiga ta fi sauƙi. Mun ga amfaninsa daren farko, tsakanin Basalona da Marsey, inda iskar arewa kan tayar da igiyar ruwa. Hajiya ta ɗan ji jiri, ta tauna citta ta kwanta, da safe garau. Babu buta a banɗaki, ka zo da ƙarama taka. Ba a yarda da dutsen guga ba, ana karɓe shi tun a wurin bincike, saboda haka shaddar da ke son guga sai dai ka biya a goge maka. Soket ɗinsu ma ba irin namu mai baki uku ba ne, ka sayi mahaɗi tun a kasuwa.

Maganar salla ita na fi ɗauka da nauyi, har na je wurin malaminmu kafin mu tashi. Ya ce matafiyi ne ni, in yi ƙasaru, in tsaya da ƙafafuna matuƙar zan iya, in fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya in juya. Babu masallaci a jirgin, a ɗaki muke yi, tsakanin gado da ƙofa, wurin da ya ishi darduma ɗaya da ƙyar. Na'urar nuna alƙibla ta waya rikicewa take yi saboda ƙarfen jirgi. Abin da ya taimake ni shi ne talabijin ɗin ɗaki, akwai tasha mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Daga wannan yanki Makka tana gabas maso kudu, in ka san inda hancin jirgi ke kallo ka gama lissafi. Lokutan salla suna sauyawa daga gari zuwa gari, kullum sai an duba. A farkon bazararsu muka je, magariba tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare. Abincin dare zama biyu ne, na farko wajen shida da rabi, na biyu wajen tara. Ka roƙi na farko tun ranar shiga, ka ci a natse ka tashi ka tari magariba.

Abinci ne inda kamfanin ya gaza mini. Ɗanmu ya rubuta musu tun da wuri cewa muna son naman halal, suka amsa, amma da muka zauna a teburi babu wanda ya san da maganar. Sai Allah ya haɗa mu da wani ma'aikaci ɗan Indunusiya. Ya ga hulata ya yi mini sallama, na amsa, shi ke nan ya ɗauke mu iyaye. Kowane dare sai ya sunkuyo da takardar abinci ya sa yatsa: "Baba, wannan da alade, wannan miyar an zuba mata giya, wannan kifi ne, ku ci." Har kayan zaƙi yana tantance mana, domin wasu da giya ake jiƙa su. Mun rayu a kan kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, ganye da 'ya'yan itace, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma hadisi ya riga ya halatta mana abin da ke cikin teku. Amma a wurin ɗibar abinci ka lura da cokula, mutane kan ɗauki na wannan tire su tsoma a wancan. Ka je da wuri, lokacin da aka fito da komai sabo.

Akwai wuraren da ba namu ba. Gefen tafkin wanka da rana ba inda dattijo zai zauna da iyalinsa ba ne, haka ɗakin caca, wanda aka kafa shi a kan hanyar da mutane ke bi. Cikin kwana biyu za ka gane hawan da za ka bi ka kauce musu. Bayan asuba kuwa saman jirgin naka ne kai kaɗai.

A tasha doka ɗaya ce ta fi kowace: lokacin dawowa. Ana rubuta shi a bakin tsani da cikin takardar da ake ajiye maka a ɗaki kowane dare, yawanci rabin awa kafin tashi. In ka bi motar zagayen da jirgin ya shirya aka makara, za a jira ku. In da kanka ka fita, za a tafi a bar ka. Ka ɗauki hoton takardar nan a waya, domin tana ɗauke da lambar wakilin jirgin a garin.

Wannan ya fi shafar Rum, babban birnin Italiya. Ana tallata ta a matsayin tasha, alhali Cibitabekiya na da nisan kusan kilomita 80 daga birnin. Mota za ta fitar da kai daga tashar, ka nemi jirgin ƙasa, ka yi sama da awa guda, haka dawowa. Mun je da ɗanmu mun ga Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, daga waje, muka juyo da sauran lokaci mai yawa, Hajiya ta gaji tiɓis. Mai tafe da tsoho ko mai ciwon gwiwa, nan ne wurin da ya dace ya biya motar jirgi, ko ya yi zamansa ya huta. A Marsey ma tashar na nesa da gari, sai da mota, amma unguwar Nowayi cike take da Larabawan Arewacin Afirka da mahautan halal, a can muka ci nama muka more. Jenowa da Palermo da ƙafa ake shiga.

Palermo ce ta fi zauna mini a rai. Musulmi sun karɓi birnin a shekarar 831, suka riƙe shi har 1072. A ƙofar babbar majami'ar garin akwai ginshiƙin dutse da ya rage daga wancan zamani, an sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa, daga Suratul A'araf. Mutane na wucewa ba su ko kallonsa. Na ɗaga wa Hajiya hannu ta matso, muka tsaya muna bin haruffan da ido. Daga nan muka gangara kasuwar Ballaro, inda 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa. Baleta kuma ka tashi da asuba ka ga shigar jirgi tsakanin ganuwoyin dutse masu ruwan zuma. Daga bakin ruwa akwai na'urar hawa mai tsawon mita 58 da ke kai ka lambun Barraka na sama, inda ake harba igwa da tsakar rana.

Daren da muka bar Sisili, tsibirin da Palermo take, muka nufi Malta barci ya ƙi zuwa. Mu mutanen Katsina mun san motocin da ke bi ta Jibiya da Maraɗi zuwa Agadas, mun san inda yaran da ke ciki suka dosa. Wannan ruwan da nake kallo ta taga, cikina a ƙoshe, shi ne wanda suke shiga da kwalekwalen roba daga Libiya, da yawa ba su fita. Na tashi na yi alwala na yi musu addu'a. Duk wanda zai bi wannan hanya daga cikinmu, ina roƙonsa ya tuna da su.

Wanda ke son ya san gari ciki da bai, wannan tafiya ba tasa ba ce, awa bakwai ko takwas ba sa isa. Amma mai son ya huta da iyali ko ya kai iyayensa su ga duniya ba tare da jan akwati daga otal zuwa otal ba, ban san abin da ya kai ta ba, kuma in Allah ya ba da iko zan sake. Ka dai ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti a gefe don abubuwan da na lissafa.

Daren ƙarshe ana ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe, sai a tasha za ka sake ganinsu. Ka cire fasfo, magunguna, darduma da kayan da za ka sa da safe. Ka duba lissafin katinka layi-layi a daren, domin gyara ya fi sauƙi kana cikin jirgi, da safe kuwa layin teburin karɓar baƙi ya yi tsawo. Jirgin saman komawa gida kada ka yanki wanda zai tashi kafin azahar.