Tsohuwar Biyola Ƙirar Faransa: Ta Paris ko ta Mirecourt?

Biyola yayar biyolin ce, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, sai dai ta fi ƙanwar tata jiki da kaurin murya. Duk wanda ya shiga neman tsohuwa ƙirar Faransa, sunan gari biyu zai yi ta ji.

Na Paris su ne na manya. Nicolas Lupot da ya rasu a 1824 da Jean-Baptiste Vuillaume da ya rasu a 1875 sun bi ƙirar Stradivari, shahararren mai ƙera goge ɗan Italiya, sau da ƙafa, kuɗin aikinsu kuwa sai mai hannu da shuni. In can ka dosa, kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar shaidar ƙwararre.

Mirecourt ƙaramin gari ne a yankin Vosges, mahaifar shi Vuillaume ɗin. A nan ne ake buƙatar ido, don gwani da mai aikin gaggawa unguwa ɗaya suka zauna. Masana'antu irin na Jérôme Thibouville-Lamy sun fitar da dubbai duk shekara, kuma a mafi arha ba sassaƙa katakon aka yi ba, matse shi aka yi har ya lanƙwasa. Ka duba siririn layin nan baƙi da ya zagaye gefe. A aikin kirki, tsaga aka yi aka cusa katako, a na arha kuwa zane ne kawai. Takardar da ke manne a ciki mai sunan Stradivarius, kada ta ruɗe ka, ba ta da iyaka a Mirecourt.

Sai girma. Yawancin tsofaffin tsawon jikinsu, ban da wuya, bai wuce santimita 40 ba, suna da daɗin riƙo amma tsirkiya mafi kaurin murya ba ta cika kunne. Wadda ta haura 41 ta fi amo, sai dai kafaɗa za ta gaya maka.

Juya bayanta a haske. Akwai ɗan sanda a tsaye a cikinta wanda Faransawa ke kira "rai". Tsaga a baya daidai wurinsa tana karya farashi ƙwarai, ko da gyaran ya yi kyau.

Ni dai na fi son aikin hannu mai lafiya, irin na Collin-Mézin, wani mai ƙera goge ɗan asalin Mirecourt, a kan babban suna mai faci. In kuma Kano ko Damagaram za ta zo, ka tanadi akwati mai riƙe danshi tun kafin hunturu.