Sharhi kan faifan Daniel Schmidt: kiɗan fadar Jawa a hannun Ba'amurke

Faifan "In My Arms, Many Flowers", wanda kamfanin Recital ya fitar a shekarar 2016, tarin kaɗe-kaɗe ne da Daniel Schmidt da ƙungiyarsa ta Berkeley Gamelan suka naɗa a jihar Kalifoniya tsakanin 1978 da 1982. Masu tura waƙoƙi a waya a kasuwar Maradi ba su san da shi ba, don haka duk mai sha'awa sai ya neme shi ta intanet.

Gamelan kiɗan taro ne na tsibiran Jawa da Bali a ƙasar Indonesiya, ana yin sa da jerin sandunan tagulla da manyan faya-fayan da ake kira gong, kuma matsayinsa a fadojin Yogyakarta da Surakarta ya yi kusa da na tambura da kakaki a fadar Sarkin Katsinan Maradi. Schmidt bai sayo kayan Jawa ba, shi ya ƙera nasa da alminiyam, sannan ya ɗora musu salon da ya yi tashe a Amurka a wancan zamani, inda ake maimaita gajeren zubi sau da yawa ana sauya shi kaɗan-kaɗan. Haɗuwar ba ta zo da mamaki ba, domin Steve Reich, jigon wannan salo, ya koyi kiɗan ganga a Gana a 1970, ya kuma koyi gamelan na Bali a 1973, yayin da Lou Harrison da William Colvig suka riga suka fara ƙera irin waɗannan kayan kiɗa a Kalifoniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin kiɗan. Ba ya gaggawa, kuma mai sauraron da ya saba jiran amshi ko kirari zai ɗauka da farko cewa babu abin da ke faruwa, sai can ya farga cewa zubin da ya fara ji ya rikiɗe ba tare da ya lura da inda aka sauya ba. Amon alminiyam yana da tsabta da daɗin ji, amma a kunnena bai kai nauyin tagulla ba, kuma wannan ne babban raunin faifan. Wanda ya saurari kiɗan fadar Paku Alaman ta Yogyakarta da Robert Brown ya naɗa a 1971, wanda aka sa wani ɓangarensa cikin kumbon Voyager a 1977, zai gane bambancin nan take.

Akwai kuma sharaɗi. Lasifikar salula tana haɗiye ƙananan sautukan gong gaba ɗaya, kuma da rana ƙarar babura da janareta tana ƙarasa abin da ya rage, saboda haka sai da abin sawa a kunne mai kyau, bayan Isha'i. Ga makaɗan gurmi da kalangu da ke son jin yadda wasu ke sarrafa maimaici, ina ganin kuɗinsu ba zai tafi a banza ba, amma zan shawarce su da su fara da na 1971.