Hidimar 'Yan Sa-kai a Lambunan Shaƙatawa: Abin da Take Iyawa da Inda Take Gazawa

Shekara uku ke nan ina zuwa wani lambun shaƙatawa wanda mallakar hukumar birni ne, amma wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce take ɗawainiya da shi yau da gobe, kuma a shekarar da ta gabata na shiga sahun masu fitowa aikin gayyar da ƙungiyar take kira sau biyu a wata. Wannan sharhi ya fito ne daga wanda ya ci moriyar hidimar yana zaune a kan benci, sannan ya ɗanɗana wahalarta yana riƙe da manjagara. Irin waɗannan ƙungiyoyi, da a ƙasashe da dama ake kira abokan lambu, sun yawaita har sun zama wani nau'in hidima mai zaman kansa, don haka ya dace a auna su kamar yadda ake auna kowace hidima, a dubi abin da suka ce za su yi, a gwada shi da abin da mai shiga lambun yake tararwa.

A fannin tsafta da ƙananan gyare-gyare ban ga abin kushewa ba. Ma'aikacin hukuma yana zuwa ne bisa jadawalin da aka tsara masa a ofis, alhali ɗan sa-kai yana ratsa lambun kusan kullum domin a kusa yake zaune, saboda haka fasasshiyar kwalbar da aka yar cikin yashin wasan yara da dare ba ta kai azahar ba a ɗauke ta ba. Wannan saurin shi ne ainihin abin da ƙungiyar take bayarwa, domin shara tana kiran shara: wanda ya tarar da wuri tsaf yakan ji nauyin zama na farkon da zai ɓata shi, wanda kuwa ya tarar da leda goma a ƙasa ba ya jin komai idan ya ƙara ta goma sha ɗaya. Na ga an ɗaure notin lilo da ya kwance tun kafin sarƙar ta tsinke da yaro a kai, na ga an sake fentin benci, an cike ramin da ruwa ya ci a hanyar masu tafiya a ƙasa, duk ba tare da an jira takarda ta zagaya tebur biyar ba.

Dabarar da ta sa hakan yake tafiya ba sabuwa ba ce, kuma tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. Lambun Central Park da ke birnin Niyok na Amurka, mai faɗin eka 843, ya lalace ƙwarai a shekarun 1970, lokacin da birnin ya shiga matsin kuɗin da ya kai shi bakin tsiyacewa a 1975. Filayen ciyawa sun koma ƙura, gine-gine sun cika da zane-zanen ɓarna, mutane suna tsoron shiga. A 1980 aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Barlow Rogers domin tara gudummawa da farfaɗo da wurin, sai a 1998 hukumar birnin ta rattaba hannu da ita kan yarjejeniyar gudanarwa a rubuce, ƙasa tana hannun birni, kulawar yau da kullum tana hannun ƙungiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin da suka shigo da shi a 1996, inda aka raba lambun gida 49, kowane yanki da ma'aikacin da aka san shi da shi, 'yan sa-kai kuma suna aiki a ƙarƙashinsa. Ƙungiyar lambun da nake zuwa tana bin irin wannan tsari daidai ƙarfinta: gefen wasan yara yana hannun wasu mata biyu, layin itatuwan ƙofar gabas yana hannun wani dattijo da ya yi ritaya, kuma idan wani abu ya lalace kowa ya san wanda za a tambaya. Yankunan da aka bar wa kowa da kowa, irin su bayan makewayi da lungun da ke jikin katanga, su ne har yau suke cikin ƙazanta, kuma wannan bambanci a fili yake ga duk mai ido.

Inda hidimar ta fara ba ni takaici shi ne batun itatuwa. Ranar dashe ranar biki ce: jama'a sukan cika, a ɗauki hotuna, a watsa a Facebook, kowa ya koma gida yana jin ya yi abin kirki. To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Itacen da aka ciro daga wurin reno aka dasa yana zuwa ne da saiwa kaɗan, kuma yana bukatar ban-ruwa a kai a kai na tsawon shekara biyu zuwa uku kafin saiwarsa ta kama ƙasa ta iya nemar wa kanta danshi. Ban-ruwan da ake so shi ne mai yawa da zai ratsa ƙasa sosai ko da ba kullum ba, domin yayyafin sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a kusa da fuskar ƙasa inda rana take fara busarwa. Wannan aiki ne na jan tiyo da ɗaukar jarka cikin zafi, babu mai ɗaukar hotonsa, kuma a nan ne masu fitowa suke raguwa. A layin da muka dasa bara, waɗanda ke kusa da famfo sun rayu, na nesa da shi kuwa yawancinsu sun bushe tsaye, har yanzu turakun da aka ɗaura su a jiki suna nan.

Akwai kuma ɓarnar da kyakkyawar niyya take jawowa idan babu sani. Rufe gindin itace da busasshen ganye ko ɓawon itace abu ne mai amfani, yana riƙe danshi yana hana ciyawa, amma wasu sukan tula shi har ya rungume jikin itacen, alhali hakan yana ruɓar da ɓawo ya jawo ƙwari. Wani kuma ya zo da injin yankan ciyawa ya matsa kusa har ya ƙwarzane jikin ƙaramin itace, bai san cewa ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa ba, kuma idan raunin ya zagaye itacen to mutuwa ce, ko da ba a ga alamarta ba sai bayan watanni. Igiyar da aka ɗaure itace da ita a jikin turke, idan aka manta ba a sassauta ba, ita ma haka take shaƙe shi yayin da yake kauri. Duk waɗannan abubuwa ne da ƙwararre zai koyar cikin sa'a guda, kuma ƙungiyar da ba ta nemi wanda zai koyar da mutanenta ba ta yi sakaci, komai yawan waɗanda take tarawa ranar gayya.

Manyan ayyuka kuwa sun fi ƙarfin 'yan sa-kai, kuma bai kamata a ɗora musu laifinsu ba. Magudanar ruwa da ta toshe a ƙarƙashin ƙasa, fitilun dare, makewayi, sare reshen babban itace da ya tsage yana barazanar faɗo wa mutane, duk suna bukatar injiniya da kayan aiki da inshora. Abin da nake zargi shi ne yadda himmar ƙungiya takan zama hujjar da hukuma take fakewa da ita ta janye hannunta. A Ingila, alal misali, doka ba ta wajabta wa ƙananan hukumomi kula da lambunan shaƙatawa ba kamar yadda ta wajabta musu wasu hidimomi, shi ya sa da aka shiga tsuke bakin aljihu bayan 2010 lambuna suna cikin waɗanda aka fi zaftare wa kasafi, aka kuma ƙara jingina da ƙungiyoyin abokan lambu. A namu lambun an yi wata huɗu famfon tsakiya yana zuba, ƙungiya ta rubuta takarda har sau uku, amsar da ta samu a fakaice ita ce ai ku kuna da asusu. Wanda ya ba da Asabar ɗinsa kyauta bai yi alkawarin ɗauke wa mai karɓar haraji nauyinsa ba.

Batun asusu yana kai mu ga wani aibi da ke cikin tsarin kansa, wanda ba laifin kowace ƙungiya ɗaya ba ne. Gudummawa tana bin unguwar masu hali. A 2012 wani attajiri mai suna John Paulson ya ba ƙungiyar Central Park dala miliyan 100 shi kaɗai, a daidai lokacin da ƙananan lambuna da yawa a unguwannin talakawan birnin suka shafe shekaru ba su ga gyara na a zo a gani ba. Muhawarar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa hukumar birnin ta fito da wani shiri a 2014, ta ware dala miliyan 130 domin sake gina ƙananan lambuna 35 da aka yi watsi da su. Lokaci ma dukiya ne: mai aiki biyu don ya ciyar da iyalinsa ba shi da safiyar da zai bayar, ko da kuwa 'ya'yansa ne suka fi kowa bukatar filin.

Abin da na fi sa wa ido a kowace ƙungiya irin wannan shi ne ranar da za ta fara ɗaukar lambun a matsayin nata. Hakan yakan faru a hankali, kuma daga mutanen kirki. Waɗanda suka shuka furanni da hannunsu ba sa son ƙwallo ta faɗa musu, sai a kawo shawarar rage filin samari, kuma tunda samarin ba sa zuwa taro, shawarar ta wuce ba gardama. Na halarci taron da aka yi irin wannan, kuma abin da ya hana ta wucewa wata uwa ce da ta tambaya ko an ji ta bakin waɗanda za a rage wa filin. Dajin Karura da ke Nairobi ya nuna fuska biyu na lamarin. Wangari Maathai, 'yar fafutikar kare muhalli ta ƙasar Kenya, da magoya bayanta sun sha duka a can a Janairun 1999 suna hana a yanka shi a raba wa masu gine-gine, sannan a 2009 aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, wadda ta haɗa hannu da hukumar gandun daji ta Kenya aka kewaye shi da shinge, aka mayar da wurin da ake tsoro ya zama wurin da iyalai suke yawo cikin natsuwa. Nasara ce babba, amma da kuɗin shiga aka riƙe ta, kuma duk inda aka sa kuɗi a ƙofa akwai wanda zai tsaya a waje. Ban ce kuskure aka yi ba, sai dai abu ne da ya kamata a riƙa faɗa a fili duk lokacin da ake yabon tsarin.

Ga wanda yake tunanin ba da kuɗinsa ko lokacinsa, ina ganin hidimar ta cancanci a tallafa mata, da sharaɗin ya nemi ganin abu biyu tukuna: rubutacciyar yarjejeniya da hukuma wadda ta fayyace aikin kowa, da bayanin shige da ficen kuɗi da ma'aji yake karantawa a gaban mambobi. Lambar yabo ta Green Flag, wadda aka ƙirƙiro a Birtaniya a 1996 kuma ake sabunta ta duk shekara, tana neman rubutaccen tsarin gudanarwa da shaidar cewa jama'ar yankin suna da hannu a ciki, kuma ko ƙungiyar da ba ta neman lambar za ta amfana da auna kanta da wannan ma'auni. Tamu tana da yarjejeniyar, bayanin kuɗinta kuwa sai an matsa ake samunsa, ba don ana zargin kowa da ci ba, sai don ma'ajin yana ganin tambayar kanta cin fuska ce.

Tarbar sabon shiga ma tana da gyara. Ranar da na fara zuwa na yi kusan rabin sa'a a tsaye kafin wani ya miƙo mini safar hannu ya nuna mini inda zan kama, kuma na ga waɗanda suka zo irin wannan zuwan ba su sake dawowa ba. Mutum biyar zuwa shida ne suke ɗauke da kusan dukkan nauyin, yawancinsu sun manyanta, kuma mabuɗin siton kayan aiki guda ɗaya ne, yana aljihun dattijon ƙofar gabas. A watan jiya da ya kwanta rashin lafiya, mutum goma sha huɗu muka taru da safe muka tsaya muna kallon kwaɗon, shebur da baro da tiyo duk suna ciki, har wani ya koma gida ya ɗauko tsintsiya biyu muka yi abin da ya samu.