Burbul, Kokeshiyan ko Giret Den: wane ƙaton kare ne ya dace da gidan iyali?

Karen farko da na saya bai yi kwana goma sha biyu a gidana ba ya mutu. A bakin titi na gan shi cikin keji, ɗan kwikwiyo mai gashi buzu-buzu kamar ɗan rago. Mai sayarwa ya rantse mini Kokeshiyan ne tsantsa, an yi masa allura, har ya miƙo mini kati. Kwana huɗu da zuwansa ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Likitan dabbobi ya ce fabo ce, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin 'yan kwikwiyo. Ya juya katin gaba da baya, babu sa hannun likita, babu tambarin kwalbar magani. A lokacin yarana sun riga sun raɗa masa suna, autarmu sai da ta kwana biyu tana kuka. Don haka duk wanda ya tambaye ni wane irin ƙaton kare zai saya, amsata kashi biyu ce: irin karen, da hannun da zai saye shi.

Tun kafin a je ko'ina, mu a nan kare na tsakar gida ne da gadi, ba na kan gado ba. Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tukuna. Abin da nake nufi da karen iyali shi ne wanda zai tsare gida da dare, da rana kuma yara su wuce ta gabansa, maƙwabciya ta shigo aron turmi, ba wanda hankalinsa ya tashi.

Da wannan ma'aunin, zaɓina Burbul ne, wanda a takarda ake rubutawa Boerboel. Asalinsa Afirka ta Kudu, sunan ma daga harshen Afirkans yake, ma'anarsa karen manomi. Manoman can sun rene shi ne don ya tsare gidan gona da mutanen da ke ciki, kuma wannan tarihin shi ne ya raba shi da sauran. Karen da aka yi don tsaron garke a dawa hankalinsa na kan iyakar filinsa, shi kuwa Burbul hankalinsa na kan mutanen gidan. Tawa macece, Giwa muke kiranta, shekararta shida yanzu. Idan yara na wasa a tsakar gida tana kwance nesa kaɗan tana kallonsu. Baƙo ya yi sallama, za ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da su ba tare da haushi ba, sai ta ga na ba shi hannu sannan ta koma ta kwanta. Ba ta haushin banza cikin dare, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan da kare ke kwana yana haushi ya san darajar wannan wajen zaman lafiya da maƙwabta.

Sai gashi. Na Burbul gajere ne, kwance a jiki. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Gajeren gashi kuma yana sa ka ga kaska da wuri, kafin ta sa masa zazzaɓin da ke shanye jini. Duk da haka Burbul ma yana jin zafi: yana buƙatar inuwa ta gaske da ruwa mai sanyi a kowane lokaci, yawo kuma sai da asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Namiji ƙosasshe yana kai kilo 70, wani ya wuce, kuma yana da taurin kai idan ya fara balaga. Idan ya ga babu mai faɗa a ji a gidan, shi zai zama. A shekarar 2010 Denmak ta hana kiwon wasu nau'o'in karnuka 13, Burbul na ciki, Kokeshiyan da Kangal na Turkiyya ma suna ciki. Wanda bai taɓa riƙe babban kare ba ya fara da mace, ta fi ƙanƙanta kaɗan, ta fi sauƙin bi. Burbul kuma yana cikin masu fama da ciwon ƙugu da gwiwar ƙafar gaba, wanda gado ne daga iyaye. Tsawon ransa shekara 9 zuwa 11 ne galibi, wanda a manyan karnuka ba laifi.

Kokeshiyan shi ne wanda kowa ke sha'awa, saboda in ya tsaya a bakin get kamar zaki. Amma daga tsaunukan Kokeshos ya fito, wajajen Jojiya da Armeniya da Azabaijan, inda yake korar kyarkeci a cikin ƙanƙara, gashinsa kuma ninki biyu ne. A Jos, da ke sama da mita 1,200, ko a kan Mambila, zai iya jin daɗi. A Kano kuwa azabtar da shi kawai za ka yi, sai in kana da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Ga shi ba ya yarda da baƙo, gidan Bahaushe kuwa ba ya rabuwa da baƙi.

Giret Den, wanda asalinsa na Jamus ne duk da sunan ya danganta shi da Denmak, yana da sanyin hali da son yara, kuma ya fi duka tsawo. Matsalarsa gajeren kwana, da wuya ya wuce shekara 8 zuwa 10, sannan shi ne kan gaba wajen cutar murɗewar ciki, wadda ke kashe kare cikin sa'o'i idan ba a yi masa tiyata ba. In babu asibitin dabbobi mai tiyata kusa da kai, bar shi. Kangal na lardin Sibas ne a Turkiyya, gwani ne wajen tsaron garke, ya dace da mai ruga ko babbar gona, gidan cikin gari ya yi masa kaɗan. Mastif na Ingila nauyinsa ya yi yawa ga zafinmu, ga dallakin miyau. Sen Banad karen tsaunukan Suwizalan masu sanyi ne, kada ma a fara.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, kuma a nan nake so a tsaya a karanta da kyau. Kwikwiyo ɗan wata ɗaya ko biyu duk kamarsu ɗaya a idon wanda bai sani ba: ƙaton kai, gajeren baki, manyan dagi. Da wannan 'yan damfara ke cin kasuwa. Za a haɗa Burbul da karen gida, ko da wani irin daban, a yanke wa 'ya'yan wutsiya, a ce maka tsantsa ne. Sai bayan wata shida ka ga baki ya yi tsini, ƙafafu sun zama sirara, mai sayarwa kuwa ya canza lamba. Barbarar yanyawa ba laifi ba ne a karan kansa, akwai masu kyawun hali a cikinsu, laifin shi ne a karɓi kuɗin tsantsa a kansa, kuma ba ka san halin da ya gado ba. A karen da zai kai nauyin babban mutum ya zauna da yaranka, rashin sanin halin iyayensa haɗari ne.

Maganin wannan ɗaya ne: ka je da ƙafarka ka ga uwar. Hoto ba hujja ba ne, bidiyo ma haka, domin hotunan karnukan ƙasashen waje ake kwasowa a Facebook da Instagram a ce su ne iyayen. Ka ga uwar tare da 'ya'yanta, ka ga nononta ya nuna ta shayar. Ka lura da yadda take tashi daga kwance da yadda take tafiya. In tana jan ƙafafun baya ko tana tsallen zomo, akwai matsala a ƙugu. Ka lura da yadda take kallonka. In mai ita ba ya iya riƙe ta a gabanka, ko kuwa tana maƙalewa a lungu don tsoro, juya ka tafi, domin kare matsoraci ya fi kowanne saurin cizo. In an ce uban na wani gida ne, nemi a kai ka. Duk wanda ya ce sai dai ku haɗu a gidan mai ko a tasha, ko ka turo kafin alƙalami a sako maka shi a mota, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Akwai kuma ƙaryar shekaru, kuma ta fuska biyu ake yin ta. Wani zai raba kwikwiyo da uwarsa yana ɗan mako huɗu ko biyar don ya huta da ciyarwa, ya ce maka ya kai takwas. Irin wannan bai gama koyon ladabin cizo a wurin uwa da 'yan'uwansa ba, jikinsa kuma ba ƙwari. Kada ka karɓi wanda bai cika mako 8 ba. Wani kuma akasin haka yake yi: ɗan wata huɗu na ƙaramin iri zai ce maka ɗan mako bakwai ne, don ka ga girmansa ka ce lallai wannan zai zama dodo. Buɗe bakinsa. Haƙoran nono ƙanana ne masu tsini kamar allura, suna fara zubewa wajen wata huɗu, kafin wata bakwai na dindindin sun gama fitowa. In ka ga giɓi ko faffaɗan haƙori a gaba, ya girmi abin da aka faɗa maka.

Sai kati, wanda shi ya ci ni. Katin gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da tambarin da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar aka manna, da suna da lambar likitan. Kira likitan a gaban mai sayarwa. Mafi kyau ma, ka zo da naka likitan, ko ku yi sharaɗi cewa ciniki bai faɗa ba sai an duba shi a asibiti. Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan. Kuma ko katin na gaske ne, allura ɗaya ba ta gama kare kwikwiyo. Ana fara haɗaɗɗiyar allurar da ke rigakafin fabo da distemfa (wata cutar karnuka mai kisa) daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Ta ciwon haukan kare ana yin ta daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana cikin masu haɗa ta. Allurar da ba a ajiye cikin sanyi ba ta lalace, shi ya sa ban yarda da mai yawo da magani a jaka cikin rana ba. Kafin a gama allurai, ƙafarsa kada ta taka titi.

Wajen ciyarwa kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Mutum yana so nasa ya fi na abokinsa girma, sai ya dinga ɗura masa abinci da ƙwayoyin ƙarin ƙashi. Ƙaton kare ba ya gama girma sai ya kai wata 18 zuwa shekara biyu, kuma in nama ya riga ƙashi girma, gaɓoɓi ne ke lalacewa. Yawan sinadarin kalshiyam a lokacin girma illa yake yi musu. Ka bar shi ya tashi a hankali, in ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Yana ƙarami sau uku ko huɗu a rana, in ya girma sau biyu, kada a haɗa masa a ci ɗaya, kada kuma ya yi guje-guje da cikakken ciki. Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe shi. Ni ina haɗa na buhu da dafaffiyar shinkafa da kayan ciki da ƙwai da kifi. Miyar da ta sha albasa ba ta dace da shi ba, albasa na lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Buhun kilo 20 da ƙyar yake kai babban Burbul wata guda, don haka ka je shago ka tambayi kuɗinsa tun kafin ka tambayi kuɗin kwikwiyo.

Tarbiyya kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni ukun farko zuwa huɗu su ne lokacin da yake karɓar sabon abu ba tsoro. A cikin gida ka sa ya saba da kowa: mai babbar riga, mai hijabi, almajirin da ke zuwa karɓar abinci, mai ruwa da kurarsa, awaki, kaji, ƙarar janareta da babur. Koya masa "zauna", "zo", "bari", da tafiya a gefenka ba ja, minti biyar zuwa goma sau biyu a rana, da ɗan nama a hannu. Abin da ba za ka so ya yi yana kilo 70 ba, kamar ɗafe mutum, kada ka bar shi ya yi yana kilo 7.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar da ake ba mutane wai a kulle kare a ɗaki mai duhu, kada ya ga kowa, a ba shi barkono ko a dinga dukansa don ya yi zafi. Wannan ba ya haifar da mai gadi, karen da bai san bambancin ɓarawo da ɗan maƙwabci ba yake haifarwa, kuma ranar da ya tsinke sarƙa yaro zai fara samu. Burbul ba ya buƙatar a koya masa tsaro, da shi aka haife shi. Biyayya ake koya masa. Yara ma a koya musu: ba a taɓa shi yana cin abinci ko barci, ba a hawan bayansa, kuma komai kyawun halinsa ba a barin ƙaramin yaro da shi su kaɗai. Katanga ta zama doguwa, get ya zama mai sakata biyu.

Wanda fabo ta taɓa kashe masa kwikwiyo kada ya yi saurin kawo wani, ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni. Mu sai da muka wanke simintin gidan da bilic, muka ƙone tsumman da wancan ya kwanta a kai, muka jira kusan shekara. Giwa kuma sau uku na je gidan da aka haife ta, na zauna da uwarta, kafin na biya ko sisi.