MANGA Plus a majalisar samarin Katsina: inda take burgewa da inda take ba da haushi

A majalisun samari na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, da ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, akwai waɗanda hirarsu ba ta tsaya ga ƙwallon Turai ba. Su ne masu bin katun ɗin Japan, wato anime, da littattafan zanen da ake ciro shi daga cikinsu, waɗanda ake kira manga. Irin wannan majalisa ba ta daɗewa a haɗe. Wannan ya tafi karatu Malesiya, wancan Turkiyya, wani yana Madina, wani kuma fatauci ya kai shi Dubai. Abin da ke riƙe zumuncin shi ne kowa ya karanta babi ɗaya a lokaci ɗaya, a dawo zauren WhatsApp a kaure da musu. Da wannan mudu za a auna MANGA Plus, manhajar karanta manga a waya, a nan. Ta cika mudun, amma akwai tsakuwa a cikin tsabar.

Manhajar ta kamfanin Shueisha na Japan ce, masu buga mujallar Weekly Shonen Jump tun 1968, kuma sun buɗe ta ga ƙasashen waje a watan Janairun 2019. Ma'ana daga tushe ake ɗebowa, ba kwafin sata ba ne. A Play Store ko App Store a nemi cikakken sunan, MANGA Plus by SHUEISHA, domin akwai manhajoji barkatai masu kama da sunan da ba su da komai sai talla. Ba a buƙatar rajista kafin a fara karatu. A sauke, a zaɓi harshe, shi ke nan.

Babban abin da ya sa ta fi sauran shi ne lokaci. Sabbin babukan Jump suna fitowa ne da ƙarfe 12 na dare, daren Lahadi wayewar Litinin agogon Japan, kuma a wannan minti fassarar Turanci take hawa manhajar. Japan tana gabanmu da awa 8, don haka a Katsina ƙarfe 4 na yammacin Lahadi ke nan, daidai an idar da la'asar an shimfiɗa tabarma. Na Madina da na Istanbul suna ganin babin da ƙarfe 6 na yamma, na Dubai ƙarfe 7, na Kuala Lumpur ƙarfe 11 na dare. Babu wanda ya riga wani. Duk wanda ya san yadda fasa ƙwai ke ɓata abota a irin waɗannan zauruka, inda mutum ɗaya zai riga kowa sanin wanda ya mutu a labari ya zo ya watsa, zai gane darajar wannan. Wasu labaran da ba na mujallar mako-mako ba suna da ranakunsu daban, wasu kuma sai bayan mako biyu, kamar Spy x Family. Shafin kowane labari yana nuna ranar da babi na gaba zai zo.

Nan ne kuma mutane suka fi zargin manhajar a kan laifin da ba nata ba. Lahadi ta zo, ƙarfe 4 ta wuce, babu sabon babi, sai a ce ta lalace, a goge a sake saukewa. Ba lalacewa ba ce. Mujallar kanta tana hutu a lokutan bukukuwan Japan: ƙarshen shekara, da ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta. Ban da wannan, mai zanen One Piece, Eiichiro Oda, wanda yake kan labarin tun 1997, yakan huta mako guda bayan kamar babi uku. A duba ranar da aka rubuta kafin a ɓarnatar da data.

Sai batun kyauta, wanda a nan ne ake yawan faɗawa rami. Ƙa'idar asali ita ce babi 3 na farko da babi 3 na ƙarshe na labarin da ke gudana a buɗe suke, a karanta sau nawa aka ga dama. Na tsakiya fa? A shafinsu na intanet a rufe suke. A cikin manhajar waya kuwa, ana ba mutum damar karanta kowane babin tsakiya sau ɗaya tak. Ka buɗe, ka fita, ya kulle. Abu uku ke cinye wa mutane wannan dama. Na farko sabis: a fara babi a inda netwok ke rawa, shafi na 9 ya ƙi buɗewa, a fita da niyyar sake shiga, a tarar ƙofa a rufe. Na biyu aron waya: aboki ya karɓa yana lalube, ya buɗe babi goma yana kallon hotuna, ya ƙona su duka. Na uku gaggawa, a bi shafuka a guje don a kamo sauran 'yan majalisa, daga baya musu ya tashi a kan wata magana a babi na 400, babu halin komawa a duba. Maganin shi ne kada a taɓa babin tsakiya sai inda sabis ya zauna da gindinsa, a bari duk shafukan su buɗe, kuma wanda zai ara a nuna masa na farko da na ƙarshe kawai. Ga mai son kamo One Piece, wanda ya haye babi 1000 tun Janairun 2021, wannan tsari ya isa, in dai zai yi haƙuri. Babi biyar a rana, wata bakwai ya kusa kamo jama'a.

Labaran da suka riga suka ƙare ba su cikin wannan rangwame. Naruto, mai babi 700 da ya ƙare a 2014, ko Dragon Ball, ɗanɗano kawai za a samu a kyauta. Cikakkensu yana cikin tsarin biya da suka fito da shi a Oktoban 2023 mai suna MANGA Plus MAX, mai hawa biyu: ƙaramin yana buɗe labaran da ke gudana ba iyaka kuma yana cire talla, babban yana ƙara da tsofaffin da suka kammala. A Amurka an fara da dala 1.99 da dala 4.99 a wata, kuma farashin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a duba abin da wayar ta nuna. Biyan ta Google Play ko Apple yake bi, kuma katin naira ba kullum yake wucewa ba idan banki ya taƙaita cinikin waje. Sannan kuɗin yana sabunta kansa duk wata. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirewa, sai an shiga Play Store an soke. Ra'ayi a nan shi ne ƙaramin tsarin bai zama dole ga mai bin labari mako-mako ba. Babban ne ke da amfani, shi ma a biya wata ɗaya ko biyu lokacin hutun makaranta, a cinye abin da ake so, a soke.

Kada kuma a shiga neman abin da ba na gidan ba. Attack on Titan da Blue Lock na kamfanin Kodansha ne, ba za a same su a nan ba ko an biya.

Karatun kansa yana da daɗi, kuma Bakatsine yana da wata fa'ida da Bature ba shi da ita. Manga daga dama ake fara shi zuwa hagu, shafi da akwatunan zanen da ke cikinsa duka, kamar yadda ake bin allo ko rubutun ajami. Wanda ya yi makarantar allo hannunsa ya riga ya saba. Abin lura kawai, rubutun Turancin da ke cikin da'irar magana daga hagu yake, amma da'irar da ke sama ta dama ita ce farko. Sabon shiga da ya ga amsa tana riga tambaya, to ya juya tsarin ne. Manhajar tana ba da zaɓin jan shafi gefe ko jan shi ƙasa. A zaɓi gefe. Masu zanen suna yawan shimfiɗa hoto ɗaya a kan shafi biyu a wurin da labari ya kai ƙololuwa, kuma jan ƙasa yana rage masa armashi. In an iso irin wurin a kwantar da wayar. Babin mako-mako shafi 17 zuwa 19 ne galibi, baƙi da fari, shi ya sa datar da yake ci ba ta kama ƙafar ta bidiyo ba. Akwai wurin rage ingancin hoto. A ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno matsakaici ya wadatar, amma mafi ƙanƙanta yana dusashe ƙananan rubutun gefe, inda sau da yawa a nan barkwancin yake.

Aibinta mafi ciwo a wajenmu shi ne ba a sauke babi a ajiye. Dole sai da intanet a kowane shafi. Mai tafiya Daura ko Jibiya a mota, ko wanda ke unguwar da sabis ke ɗaukewa tare da wuta, ba shi da abin yi sai jira. Aibi na biyu harshe. Akwai Turanci, Faransanci, Sifaniyanci da wasu, babu Hausa. Faransancin ma yana da amfaninsa, don abokin da ke Maraɗi zai iya bin wasu labaran tare da na Katsina, sai dai ba duk abin da ke Turanci aka fassara ba. Mai ƙarfi a Larabci ya leƙa Manga Arabia ta Saudiyya, wadda aka fara a 2021. Wata manhaja ce daban, da nata labaran.

Ga matafiya akwai wani tarko. Manhajar ba ta aiki a China da Koriya ta Kudu da Japan kanta, domin can suna da nasu tsarin. Ɗan kasuwar da ya tafi sayayya Guangzhou zai rasa babukan makonnin da ya yi a can. Idan tafiyar ba ta wuce mako uku ba, zai dawo ya tarar da su cikin ukun ƙarshe. Idan ta wuce, waɗanda suka zame sun koma na karatu ɗaya, sai a bi su a hankali.

Wajibi ne a faɗi wannan ga iyaye da yayye: kasancewar abu zane ne bai mai da shi na yara ba. Kalmar shonen da ke cikin sunan mujallar tana nufin samari, kuma ma'aunin Japan ba namu ba ne. A cikin manhajar akwai labaran da jini ke kwarara a kowane shafi, irin su Chainsaw Man, akwai masu zanen mata da shigar da ba za a so ƙane ya gani ba, akwai kuma masu cike da alloli da aljanu na al'adunsu. Duk suna jere wuri ɗaya a shafin farko. Kafin a miƙa wa yaro ɗan shekara 12 waya, babba ya karanta babi ukun farko da kansa, tun da kyauta ne. Labaran wasanni, kamar Haikyu na ƙwallon raga, sun fi sauƙin sha'ani.

Tsakanin masu karatu da masu kallo kuwa, rigimar ba ta ƙarewa. Anime yana bin bayan manga ne, wani lokaci da shekara ko fiye, kuma kashi ɗaya na minti 24 yakan cinye babi biyu ko uku. Majalisar da ta haɗa ɓangarorin biyu gara ta raba zaure, ko ta kafa doka: ba a maganar sabon babi sai bayan isha'in Lahadi, hoton shafi kuma ba a tura shi a babban zaure. Masu kwaso hotunan sata da ke yawo a X (tsohon Twitter) tun tsakiyar mako su ne suka fi ɓata wasan. Fassararsu ta gaggawa ce, sau da yawa ma'anar a karkace, kuma ba ƙaramin laifi ba ne a can: a Fabrairun 2024 'yan sandan Japan sun kama mutum biyu a kan fitar da shafukan Jump kafin ranar sayarwa.

Abin da manhajar ba za ta iya bayarwa ba shi ne littafin da za a riƙe a hannu a yi ta zagayawa da shi gida-gida, kuma a nan abokan da ke waje suke da rana. Mai biyowa ta Dubai zai sami kantin littattafai na Kinokuniya a cikin Dubai Mall, na Malesiya kuma akwai reshensa a Suria KLCC da ke Kuala Lumpur. Kuskuren da aka fi yi wajen wannan tsaraba shi ne ɗauko bugun Japananci saboda ya fi araha kuma bangon iri ɗaya ne. A buɗe ciki a gani, ko a duba tambarin VIZ Media a ƙashin bayan littafin, su ne masu buga Turancin yawancin labaran Jump. A tura wa mai sayen lambar juzu'i, ba lambar babi ba, don juzu'i ɗaya yana ɗauke da babi tara zuwa goma sha ɗaya a shafi kusan 200. A yi lissafin nauyi kuma: kowane ɗaya ya kusa giram 200, don haka Naruto cikakke, juzu'i 72, zai cinye fiye da rabin jakar kilo 23. Akwai bugun da ya haɗa uku a ɗaya, juzu'i 24, ya fi sauƙin kuɗi amma takardarsa ta fi siriri, zanen bayan shafi yana ɗan leƙowa. Demon Slayer, mai juzu'i 23 kacal, ya fi dacewa da majalisar da za ta yi karo-karo.

In littattafan sun iso, zafin bazara ne abokin gabarsu na farko. Da gam aka haɗa su, ba ɗinki ba, kuma littafin da aka bari a mota da rana a watan Afrilu gam ɗinsa yana saki, shafuka su fara zubowa daga tsakiya. Kada a lanƙwasa bango baya, kada a kifa shi a buɗe. A ajiye su a tsaye cikin akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina, a rubuta sunan mai aro da ranar da ya karɓa a wani ɗan littafi da ke zaune cikin akwatin.