Digirin Ƙididdiga Ko Maƙwabtansa: Kafin Ka Cike Fom Ɗin JAMB

Ɗalibin da ya iya lissafi a sakandare yakan tsaya tsakanin kwasa-kwasai huɗu: lissafi zalla, ƙididdiga, kimiyyar kwamfuta, da tattalin arziki. Ƙofar shigarsu kusan iri ɗaya ce, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan shekara huɗu a jami'a, ko uku ga mai shiga aji biyu kai tsaye. A ciki ne hanya ke rabuwa.

Lissafi zalla na mai son hujja ne don kanta. Kimiyyar kwamfuta za ta koya maka gina manhaja, amma ba za ta zurfafa wajen nuna maka ko alƙaluman da ka zuba a manhajar abin yarda ba ne. Tattalin arziki kuwa yana aron kayan aikin ƙididdiga, sai dai kaɗan yake ɗiba.

Ita ƙididdiga aikinta yanke hukunci a kan jama'a da yawa daga ɗan samfurin da aka ɗiba, tare da faɗin iyakar kuskuren da ke cikin hukuncin. A ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, wannan ba ƙaramin aiki ba ne: yawan mace-macen yara, farashin kayan abinci, rashin aikin yi, duk da bincike na samfuri ake kimanta su. A 2014, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, sai ga Najeriya ta haye gaban Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki ba tare da an ƙara ko masana'anta ɗaya ba. Masu irin wannan digiri ne ke bayan waɗannan alƙaluma, a hukumar, a Hukumar Ƙidaya, a Babban Banki, a asibitocin koyarwa da ƙungiyoyin agaji.

Kada wani ya ruɗe ka cewa ƙididdiga sauƙaƙƙen lissafi ce. Kalkulas da aljabra da ilimin yiwuwar aukuwa na nan jiranka tun daga farko, kuma a nan ne masu neman mafaka daga lissafi ke maimaita kwas.

Akwai kuma hanyar kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna: ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, shekarar koyon aiki, babbar difloma (HND) shekara biyu. Ana samun aikin hannu sosai, amma har yanzu masu HND na kokawa da bambancin da ake nuna musu a aikin gwamnati. Mai ND mai kyakkyawan sakamako na iya tsallakawa jami'a.

Sabon kwas ɗin kimiyyar bayanai da ake yayi yana da farin jini. Ni dai a ganina tsohon sashen ƙididdiga mai isassun malamai ya fi sabon suna da aka liƙa a ƙofar ofis.

Don haka kafin ka zaɓi Zariya ko Sakkwato ko Ibadan, nemi ɗan aji uku na sashen ka tambaye shi: da manhajojin nazarin alƙaluma irin su R ko Python suke aiki, ko har yanzu da biro da kalkuleta? Ina ake tura su SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu lokacin karatu? R da Python kyauta ne, SPSS da Stata na kuɗi, amma dukkansu sai da kwamfutar cinya, saboda haka a sa kuɗinta cikin lissafin rajista tun yanzu.