Wane sabulu ya dace da karen gadi a damunar Kumasi?

Daga watan Afrilu zuwa Yuli, duk mai karen gadi a Aboabo ko Asawase ya san abin da nake nufi. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye kare ya yi buɗu-buɗu da jar laka, wani lokaci har da baƙin ruwan gota. Yaran unguwa sukan ce, "Kawu, da me kake wanke naka?" To ga amsata.

Ni dai shamfun kare nake saye, wanda ba a zuba masa maganin kaska ba, kuma a shagon maganin dabbobi kaɗai. Fatar kare ta fi tamu laushi, duk da gashin da ya rufe ta, kuma tana da wani maiƙo da ke hana ta bushewa. Sabulu mai ƙarfi yana wanke maiƙon nan tas, sai ka ga kare yana ta susa har ya ji wa kansa ciwo, ƙuda su samu wurin zama. Shamfun kare yana fitar da datti ba tare da ya ƙona fata ba. Mutane suna kukan tsada, amma kwalba ɗaya takan daɗe, don ruwa ne ke yin yawancin aikin. Idan lakar ta bushe, fara kakkaɓe ta da buroshi. Sannan ka ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi daga wuya zuwa wutsiya, ka tsarma shamfu kaɗan a kofi, ka cuɗa da hannu. Kula da tsakanin yatsunsa, nan laka da kaska suke ɓuya. Kada ruwa ya shiga kunne. Fuska kuwa tsumma mai laima ya isa. Ɗauraya har kumfa ya ƙare sarai, ka goge shi da tawul. Bokitinsa da tsummansa daban nake ajiye su, ba sa haɗuwa da kayan gida, balle butar alwala.

Sabulun salo, wanda Asantawa ke kira alata samina, ina ganin girmansa, amma tokar da ake yinsa da ita tana sa shi kaifi. In babu yadda za ka yi, sau ɗaya ba laifi, a tsarme. Sabulun wanki da omo na tufafi ne, a bar su can. Ruwan goge ɗaki mai kashe ƙwayoyin cuta kuwa kada ma ya matso kusa, don kare yana lasar jikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu yawo da kwalabe marasa takarda a bakin kasuwa, suna cewa wanka ɗaya zai kashe kaska da ƙuma. Na taɓa saya. Ban kai ga zubar da ruwan wankan ba karena ya fara dalalar da yawu, jikinsa na rawa, ga amai. Na sheƙa masa ruwa mai yawa, na ɗauke shi a mota zuwa wurin likitan dabbobi, wanda ya ce alamun gubar maganin feshin gona ne. Da ƙyar ya tashi. Mai kwalbar kuwa ban sake ganinsa ba. Wasu ma tsohuwar kwalbar shamfu mai kyau suke cikawa da sabulun wanke kwano, su ƙara turare. Duba murfi ko an taɓa buɗe shi, duba ranar lalacewa da sunan kamfani da adireshinsa. In warin fiya-fiya ko kananzir ya buge ka, ajiye ka wuce. Ko maganin kaska na gaskiya, irin amitraz, da awo ake tsarma shi, kuma ba a sa wa ɗan kwikwiyo. Wannan aikin likita ne.

In cikin ruwan ambaliya ya shiga, sa safar hannu ta roba kafin ka taɓa shi, domin fitsarin ɓera a irin ruwan nan yana ɗauke da cutar da ke kama mutum da kare. Ka ga ya daina cin abinci ko idonsa ya yi rawaya bayan 'yan kwanaki, kai shi asibitin dabbobi a ranar.